Smash, faifan ƙungiyar The Offspring

Smash shi ne faifai na uku na ƙungiyar mawaƙa ta The Offspring, 'yan jihar Kalifoniya a Amurka. Ya fito ranar 8 ga Afrilu, 1994, a ƙarƙashin Epitaph, ƙaramin kamfani mai zaman kansa mallakar Brett Gurewitz, kuma Thom Wilson ne ya jagoranci ɗaukarsa. Mutum huɗu suka yi aikin: Dexter Holland da waƙa da jita, Noodles da jita, Greg K. da jita mai kaurin murya, sai Ron Welty a kan ganguna.

Ana sa faifan cikin salon da ake kira skate punk, wani reshe na kiɗan punk (zazzafan nau'in kiɗan rock) da ya yi ƙarfi a kudancin Kalifoniya tun shekarun 1980, a tsakanin matasa masu wasan sulu a kan allo mai tayoyi. Alamarsa ita ce gudu. Ganguna na sukuwa, jita na gurnani, amma akwai karin waƙa mai daɗi da amshi wanda jama'a za su iya ɗauka tare. Waƙar "Nitro (Youth Energy)" misali ce tsantsa. Wanda yake son sanin asalin ɗanɗanon faifan, nan ya kamata ya kasa kunne, domin waƙoƙin da suka yi tashe a rediyo sun ɗan rage gudu.

Ɗaya daga cikinsu, "Come Out and Play", tana magana ne kan faɗan 'yan daba da shigar makamai makarantu, da wani kiɗan jita mai kama da na Gabas ta Tsakiya wanda da wuya ya fita a kan mai sauraro. Tashar rediyon KROQ ta Los Angeles ce ta riƙa sa ta, daga nan kuma magana ta canja. "Self Esteem" ta biyo baya, labarin saurayin da ya san budurwarsa na wulaƙanta shi amma ya kasa rabuwa da ita. Irin wannan faɗin gaskiya ba kwalliya shi ne ƙarfin Holland a rubutu.

A lokacin, Holland ɗalibi ne mai nazarin kimiyyar ƙwayoyin halitta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya (USC), Noodles kuwa shara da goge-goge yake yi a wata makarantar firamare, kuma bai ajiye aikin nan take ba ko da waƙarsu ta karaɗe gari.

Faifan ya kai mataki na 4 a Billboard 200, jadawalin faya-fayen da suka fi ciniki a Amurka, an kuma sayar da kwafi fiye da miliyan 11 a duniya, abin da ya sa ake lissafa shi cikin faya-fayen kamfanoni masu zaman kansu da suka fi ciniki. Shi da faifan Dookie na ƙungiyar Green Day, wanda ya fito a shekarar, su suka fito da punk daga ƙananan zauruka zuwa manyan filaye. Daga baya The Offspring ta bar Epitaph ta koma kamfanin Columbia, inda ta fitar da Ixnay on the Hombre a 1997.