Waiwaye: Yadda Kwalin Kaset Ya Raba Ɗan Fim Da Mai Jari

Duk lokacin da aka sanar da wani sabon asusu na tallafa wa masu shirya finafinai, muhawara ɗaya ce ke tashi a Arewa, kusan ma kalmomin ba sa canzawa. 'Yan fim su ce an sake raba kuɗi a Legas ba a tuna da su ba. Ma'aikatan banki su ce ƙofa a buɗe take, takardu ne ba a kawo ba. Wani ya ce attajiranmu sun gwammace su gina shaguna su zuba 'yan haya da su sa kwabo a fim, wani ya ce kuɗin ruwa ne ya hana, wani kuma ya ce sana'ar ce ba ta da kima a idon masu hannu da shuni. Maganar ta ƙara zafi tun da bankin Afreximbank ya bayyana a 2023 cewa zai kafa asusun dala biliyan 1 domin finafinan Afirka, sannan aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Janairun 2024, mutane da yawa suka sa rai cewa lokacin fim ɗin Hausa ya zo.

Kowace daga cikin maganganun nan tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai ni a ganina tazarar da ke tsakanin mai fim da mai jari ta girmi duk waɗannan asusai. Ta girmi ma sunan Kannywood, wanda ya fara fitowa a mujallar Tauraruwa a 1999.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Kuɗin hukuma ne suka fara yin fim da Hausa: Shehu Umar na Adamu Halilu a 1976, da wasannin kwaikwayon da gidajen talbijin na Kaduna da Kano da Jos suka riƙa ɗauka da ma'aikatansu da kayan aikinsu. Da darajar naira ta karye bayan 1986, fim irin na majigi ya fi ƙarfin kowa, sai ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano suka koma ga kyamarar bidiyo, irin wadda ake ɗaukar biki da suna da ita. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Jarin wancan zamani karo-karo ne. Ɗan ƙungiya ya kawo abin da ya sawwaƙa, wani ya aro mota, wani ya ba da gidansa a yi ɗauka, marubutan littattafan soyayya su juya ribar littafi zuwa fim.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ya faru bayan an gama ɗauka, ranar da mai fim ya rungumi kaset ɗinsa ya nufi kasuwa.

Kasuwar tana nan tun kafin a yi fim ɗin. A Ƙofar Wambai da Bata akwai dillalan kaset da suka daɗe suna sana'a, suna da injinan kwafa jere a ɗaki, suna da kaset wanda ba a ɗauki komai a kai ba katan-katan, suna kuma da abokan ciniki da ke zuwa sari daga Sakkwato da Maiduguri, daga Maraɗi da Damagaram, har daga Kamaru da Chadi da zangunan Gana. Kayansu finafinan Indiya ne da na Amurka da na Sin, da kaset ɗin wa'azi da na waƙa. Finafinan wajen nan ba su da mai su da zai zo bakin shago ya tambayi kasonsa. Fim ɗin Hausa kuwa sabon kaya ne, ga mai shi a tsaye, kuma babu wanda ya san ko zai karɓu. Dillali ba zai zuba kuɗinsa a abin da bai taɓa gwadawa ba, mai fim kuma ba shi da inji, ba shi da hanyar kai kaya Agadas. Sai aka yi sulhu a tsakiya. Mai fim zai miƙa masta, wato asalin kaset ɗin da ake kwafa daga gare shi, ya je maɗaba'a ya buga kwalin kaset da kuɗinsa, ya kawo wa dillali. Dillali zai kwafi fim ɗin a kan nasa kaset, ya sa a kwali, ya sayar. Abin da mai fim zai karɓa kuɗin kwali ne, gwargwadon yawan wanda aka sayar, kuma sai bayan an sayar. Wanda ya yi kwantai a mayar masa da abinsa.

Ba na ɗaukar wannan a matsayin cuta da wani ya shirya. Dabara ce mai kyau a lokacinta, ita ce ma ta buɗe wa fim ɗin Hausa hanyar da ya bi ya shiga gidajen da sinima ba ta taɓa shiga ba, musamman wajen matan aure. Amma a duba abin da aka sa wa farashi. Ba labarin ba, ba aikin darakta ba, ba haƙƙin mallakar fim ɗin ba: takarda ce mai hoton jarumai. Masta, wato ainihin dukiyar, ta tafi hannun dillali ba tare da an rubuta ko layi ɗaya a kan iyakar abin da zai yi da ita ba. Tun daga ranar fim ya zama abin da ba shi da kuɗi a kan kansa, sai ta hanyar rigarsa.

Na zauna a irin waɗannan shaguna ina saurayi, kuma har yau ina ganin ƙunshin kwali ɗari-ɗari da aka ɗaure da roba an jingine a bango, na sama ya koɗe saboda rana. Mai fim kan zo bayan La'asar, ya cire takalmi, ya zauna a benci, a gaisa a tambayi iyali. Can sai ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, ya kasuwar tamu?" Amsar takan zama, "Sai godiya. Mutanen Nijar ba su shigo ba tukuna, ka leƙo wani satin." A buɗe wani dogon littafi mai baƙin bango, a duba, a ƙirgo masa wani abu a ce ya rage zafi. Alhajin ba ƙarya yake ba, domin shi ma bashi ya bayar, wanda ya ba ma bashi ya bayar a can ƙauye. Kuɗin fim ɗaya sai su yi watanni suna dawowa gutsi-gutsi, a kashe su a cefane da kuɗin makaranta kafin su taru su zama jarin fim na gaba.

Babbar asarar tana cikin wancan littafi mai baƙin bango. Nan ne kaɗai aka rubuta yawan abin da fim ya sayar, kuma kowane dillali da nasa littafin, babu wanda ya taɓa haɗa su wuri ɗaya. Mai fim ya san yawan kwalin da ya buga, bai san yawan kaset ɗin da ya shiga gidaje ba. Akwai wanda aka sayar tsirara ba kwali. Akwai kwalin jabu. Akwai shagunan haya da ke sayen kaset ɗaya su ba unguwa guda kallo, ba tare da sisi ya koma wa mai fim ba. Haka aka yi shekara fiye da goma ana cin kasuwar da ta kai har Sudan, aka yi taurari, aka yi motoci da gidaje, amma masana'antar ba ta fito da lamba ɗaya tabbatacciya da za a aza a gaban baƙo a ce ga abin da fim ke kawowa ba.

Da Sangaya ya fito a 1999 ya yi cinikin da ba a saba gani ba, sai dillalai suka gane akwai kuɗi a harkar. Suka fara ba da kuɗi tun kafin a fita lokeshin, da faifan CD ya shigo kuma suka riƙa sayen haƙƙinsa ɗungurungum, a biya mai fim sau ɗaya a rabu. Ana yawan kukan cewa daga nan ne ɗan kasuwa ya fara zaɓar jarumi da yawan waƙoƙin da za a sa, kuma haka ne. Amma tambayar da ta fi damuna ita ce, me ya sa shi kaɗai ne ya iya zama mai jari? Saboda shi kaɗai ya san lissafin. Ya san fuskar da ke sayar da kaya a Gusau, ya san watan da kasuwa ke mutuwa, ya san wanda ke biyan bashi. Duk wanda ya shigo daga waje, ko ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, ko hajiyar da ta sayar da gwal ɗinta, ko matashin da ya ci gado, a makance ya shigo. Da yawa sun ƙone, kuma labarin ƙonewarsu ya fi labarin ribar kowa yawo a gari. A nan aka haifi maganar da har yau ake faɗa wa mai kuɗi in ya nuna sha'awa: kuɗin fim ba sa dawowa.

Sauran abin da ya biyo baya kowa ya gani. Faifai ya fi kaset sauƙin kwafa. Rikicin da ya biyo bayan ɓullar bidiyon tsiraici na wata jaruma a 2007 ya tsayar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni. Sai wayar hannu da memori suka zo, masu tura fim suka kafa tebur da kwamfuta a kowace kwana, finafinan Indiya masu fassarar Hausa suka cika wayoyi. Fim ɗin da ake turawa a memori ba ya bukatar riga. Abu ɗaya tilo da mai fim ya saba sayarwa ya tashi daga aiki. Shagunan faifai suka koma sayar da caja da murfin waya, mai jarin ya tafi wata sana'ar da littafinsa da iliminsa.

A daidai wannan lokaci ne kuɗin hukuma suka fara fitowa. A 2010 aka sanar da asusun dala miliyan 200 na harkar nishaɗi ta hannun Bankin Masana'antu da bankin NEXIM. A 2013 aka ware naira biliyan 3 domin masana'antar fim, a 2015 Bankin Masana'antu ya buɗe wani asusun na naira biliyan 1, a 2019 kuma Babban Bankin Nijeriya ya fito da rance mai ruwan da bai wuce kashi 9 cikin 100 ba. Mai ba da rance a ko'ina tambayoyinsa sanannu ne: kamfani mai rajista, lissafin shige da fice na shekarun baya, yarjejeniya da mai rarraba fim, jingina, da shaidar cewa fim ɗinka na baya ya dawo da uwar kuɗi. Mutumin da ya yi shekara 20 yana sayar da kwali bisa amana, ko da ya yi fim 50, ba shi da ko ɗaya a rubuce. Finafinan nasa ma da za su zama jingina, wasu ya sayar da haƙƙinsu, wasu mastar ta ɓace.

Kudu ma ta sha irin wannan a hannun kasuwannin Idumota da Alaba na Legas. Abin da ya canza mata hanya shi ne dawowar sinima ta zamani daga 2004, domin tikiti abin ƙirgawa ne. Da The Wedding Party ya tara sama da naira miliyan 450 bayan fitowarsa a 2016, kamfanoni huɗun da suka haɗa jari sun san abin da ya shigo, duk mai sha'awar zuba kuɗi ma ya gani a jarida. Irin wannan lamba ce ke jawo mai kuɗin da bai taɓa taka lokeshin ba. A Arewa sinimomin zamani ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, alƙaryar shirya fim ta naira biliyan 3 da aka so ginawa a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji kuma aka fasa ta a 2016 bayan ce-ce-ku-ce. Ko da an gina ta, wurin ɗauka za ta samar, ba wurin ƙirga ciniki ba.

Batun kuɗin ruwa gaskiya ne, kuma ina girmama duk ɗan fim ɗin da ya ƙi rance saboda shi. Bankin da ba ya mu'amala da ruwa ya fara aiki a ƙasar nan tun 2012, kuma fiƙihu ya daɗe da tanadar mudaraba, inda wani ke kawo jari wani ya kawo aiki a raba riba. Tsari ne da ya dace da fim ƙwarai. Sai dai shi ya ma fi rance bukatar lissafi, domin ba a raba ribar da ba a san yawanta ba.

Yau kasuwar ta koma tashoshin talbijin irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube, inda finafinai masu dogon zango suka bunƙasa daga 2020. Kuɗin tallar da YouTube ke biya kan mai kallo daga Nijeriya ko Nijar kaɗan ne, shi ya sa ake cusa tallar mai magani da mai atamfa da mai filaye a tsakiyar shiri don a biya ma'aikata. Amma a karon farko tun 1990 akwai lamba. Ana iya ganin mutum nawa suka kalla, daga wace ƙasa, a wane minti suka tashi, da abin da aka samu kowane wata.

Kwanakin baya wani ƙanena a sana'ar ya zo mini da murna, ya ce ya sami wani ɗan kasuwa da ya yarda ya sa kuɗi a zango na biyu na shirinsa, in har zai nuna masa abin da zango na farko ya kawo. Na ce to ya buɗe mu gani. Sai ya yi shiru, ya ce, "Yaya, ai ba a tashata aka sa ba." Tasharsa ƙarama ce, don haka ya kai shirin wata babbar tasha mai mabiya da yawa, aka yi ciniki da baki, aka tura masa kuɗinsa sau ɗaya. Lambar sirrin shiga tashar tana wurin mai ita, lissafin ma haka. Abin da ya rage a wayarsa fosta ce da ya biya aka zana masa, da saƙon banki na ranar da aka biya shi.