Waiwaye: Yadda Kwamfuta Ta Shiga Ajin Katsina

Tun zamanin da masallacin Gobarau ke tara malamai da almajirai, allo da tawada da alƙalami ne kayan karatu a Katsina, kuma kowane yaro da nasa a hannu: ya rubuta, ya biya, ya wanke. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, baƙin allo da alli suka samu wurin zama. Don horar da malamai aka kafa ta, wato mai koyarwa aka fara shiryawa.

Kwamfuta kuwa ta bayan gida ta shigo. Gwamnatin tarayya ta fitar da manufar koyar da ita a makarantu tun 1988, amma shekaru suka yi ta wucewa yawancin makarantu ba su gan ta ba. Yara da dama a baƙin allo suka yi darasinta: malam ya zana madannai da linzamin kwamfuta (mouse) da alli, su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa, ba su taɓa danna ko harafi ɗaya ba. Inda aka kawo na'urorin ma, sau da yawa ɗaki guda ake jera su, a lulluɓe da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, makulli na aljihun shugaban makaranta, sai an yi baƙi a buɗe. Ni dai ban cika ganin laifinsa ba. Babu wuta, babu kuɗin man janareta, in kuma guda ta lalace shi za a tuhuma.

JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ce ta tona asirin. Ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Sai ga ɗalibi mai ƙoƙari ya taso daga ƙauye, ya san amsa sarai, amma ranar jarrabawar ce ranarsa ta farko a gaban na'ura. Hannu na rawa, lokaci na tafiya. Daga baya hukumar ta sauƙaƙa, ta yadda za a iya amsawa da madannai takwas ba tare da linzami ba. Iyaye masu hali suka koma biyan kuɗin horo a shagunan kwamfuta na cikin gari, marasa hali kuma sai addu'a.

A 2020 korona ta rufe makarantu a watan Maris. Darussan rediyo da talabijin ne suka fi isa gidaje, don rediyo ba ta neman data. A Satumban 2021 kuma aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, aka shafe watanni a haka. Duk mai tsara karatu ta intanet a nan ya kamata ya riƙe wannan, ya zaɓi darussan da ake saukewa sau ɗaya a ci gaba da amfani da su ko babu sabis.

A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport mai darussa kyauta, a 2024 kuma WAEC ta fara jarrabawa a kwamfuta ga masu zana ta da kansu, ba ta hannun makaranta ba. Alamu sun nuna ba za a koma baya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne har yanzu an fi murnar rabon na'ura fiye da horar da wanda zai yi aiki da ita. Bitar kwana biyu a otal ba ta isa ba. Ɗaliban kwalejojin ilimi na Katsina da Dutsin-Ma da Daura su ne malaman gobe, kuma can ya dace su saba da shirya darasin lissafi ko na Hausa a kan na'ura kafin a tura su koyarwa. A makarantun kuma a sa sola, a ware kuɗin gyara a kasafi, a ba kowane aji sa'arsa a jadawalin mako, ko da yara uku-uku ne za su zauna a kan kwamfuta ɗaya.