Augmentin: Amsoshin da Na Gaji da Maimaitawa

Tambayoyin nan dai su ne kullum. Ga amsoshin wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Zai yi mini maganin mura?

A'a. Bairas ne ke kawo mura, maganin Augmentin kuwa bakteriya yake kashewa. Ko kwali goma ka sha, sai majinar ta cika kwanakinta.

Me ya raba shi da amoxicillin?

Amoxicillin ɗin ne aka haɗa da clavulanic acid. Wasu bakteriya na fitar da sinadarin beta-lactamase da ke lalata amoxicillin tun kafin ya taɓa su. Clavulanic acid ne ke tare wannan sinadari, maganin ya samu hanya. Kamfanin Beecham na Ingila ne ya fito da haɗin a 1981.

Ban samu na miligiram 625 ba, in haɗiye na 375 guda biyu?

Kada ka yi wa kanka lissafi. Kowace ƙwaya na ɗauke da clavulanic acid miligiram 125, biyu sun zama 250, cikinka ne zai gaya maka. Koma wurin wanda ya rubuta maka.

Gudawa ta kama ni, in daina sha?

To, nan ba a yanke hukunci kai tsaye. Maganin ba ya tantance bakteriyar cuta da masu amfani da ke hanji, don haka sakin ciki abu ne da aka saba gani. In bayan gida ne ya ɗan yi laushi, babu zazzaɓi, babu murɗa mai tsanani, yawanci ana ci gaba da sha, a yawaita ruwa, a riƙa haɗiye ƙwayar da lomar farko ta abinci. Kwantar da hankalinka, yakan wuce. Amma in ruwa ne tsantsa yake zuba ba ƙaƙƙautawa, ko da jini ko majina, ko ciki na murɗawa ga zazzaɓi, labari ya canza. Mai yiwuwa wata bakteriya ce mai suna Clostridioides difficile ta samu fili, kuma takan iya tashi makonni bayan an gama maganin. A nan kada ka sha maganin tsayar da gudawa irin loperamide, yana iya dagula lamarin. Ka ga likita a ranar. Jariri, tsoho da mai ciwon ƙoda ba a jira da su ko da abin ya yi kama da mai sauƙi. Daga nesa ba zan iya ce maka ga ɓangaren da kake ba, sai an duba ka.

Penisilin ya taɓa sa ni borin jini.

Kada ka kusanci Augmentin, dangi ɗaya ne da penisilin. Kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi kuwa, asibiti nan take.

Na ji sauƙi, in ajiye sauran saboda gaba?

Wannan ɗabi'a ce ke koya wa bakteriya bijirewa magani. Cika kwanakin da aka rubuta maka. Kuma ka daina rabon ragowa ga 'yan'uwa, ciwonku ba ɗaya ba ne.

Na ruwan yara fa?

Da zarar an haɗa shi da ruwa, sai firji. A girgiza kwalbar kafin a auna, a auna da sirinji ko cokalin da ya zo da shi. Bayan kwana 7, ko abin da takardarsa ta ce, a zubar.

Idona ya yi rawaya bayan na gama.

Hanta ke nan. Maganin kan jawo shawara a wasu mutane, har bayan makonni. Je a gwada jininka, kuma ka gaya musu abin da ka sha.