Kolestarol: kalmar da ake sayar mana da man girki da ita

Kwanakin nan ba ka kunna rediyo ba ka ji tallar man girki "marar kolestarol" ba, kuma haka ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin jarkoki da robobin mai a shaguna. Har masu shirye-shiryen lafiya sun ɗauki kalmar, suna fassara ta da "kitse" ko "maiƙo" kai tsaye, kamar abu ɗaya ne. A nan ne raina ke ɓaci, domin ba abu ɗaya ba ne, kuma wannan ruɗanin ne masu talla ke cin kasuwa da shi.

Kalmar daga harshen Girkanci ta fito: kashin farko na nufin ruwan matsarmama, na biyu kuma abu mai tauri. Dalili shi ne a cikin tsakuwar da ke fitowa a matsarmamar mutum aka fara gano sinadarin, a Faransa, kuma wani masanin kimiyya na ƙasar, Michel Chevreul, shi ya raɗa masa suna wajajen 1815. To ka ga tun daga sunan, abin na jikin mai rai ne mai hanta. Hantar mutum ce ke haɗa mafi yawan kolestarol ɗin da ke yawo a jininsa, kuma jiki na buƙatarsa don gina bangon ƙwayoyin halitta, da sinadarin bitamin D, da ruwan matsarmamar da ke narkar da maiƙo. Ragowar kuma daga abincin da ya fito daga dabba yake zuwa: gwaiduwar ƙwai, ƙwaƙwalwa, hanta, ƙoda, man shanu, nama.

Gyaɗa ba ta da hanta. Waken soya ma haka, kwakwar manja ma haka. Saboda haka duk man da aka tatso daga tsiro, ko na kamfani ne ko wanda mai ƙuli-ƙuli ta matse a turmi, babu kolestarol a cikinsa da za a ce a zo a gani. Wanda ya rubuta "babu kolestarol" a jikin jarkar man gyaɗa bai yi ƙarya ba, amma daidai yake da mai kankana da ke shelar cewa tasa ba ta da ƙashi. Gaskiya ce da ba ta ƙare ka da komai ba, sai dai ta sa ka ƙara kuɗi.

Abin da ya fi ɗaga kolestarol na jini, musamman nau'in da likitoci ke kira LDL wanda ke taruwa a jijiyoyi, shi ne kitse mai daskarewa. A jikin kwali ko roba, a ɗan teburin nan na baya mai ƙananan rubutu, shi ne layin da aka rubuta "saturated". Wannan kitsen kuwa tsiro ma na da shi, wani ma ya fi dabba. Man kwakwa ya haura kashi 80 cikin ɗari. Manja kusan rabinsa ne. Man gyaɗa na gaske bai kai kashi 20 ba, na waken soya ma ƙasa da haka. Iyayenmu mata sun san wannan bambancin tun kafin a kawo teburin: da hunturu ya kama, man shanu da manja kan daskare a kwalba sai an ɗora a rana, man gyaɗa kuwa iyakarsa ya ɗan yi hazo.

Ga inda abin ya fi damuna. A bakinmu, duk mai ruwan ɗorawa da aka zuba a jarka "man gyaɗa" ne. Amma juya jarkar ka karanta jerin kayan da aka yi shi da su. Sau da yawa za ka tarar manja ne aka tace, aka cire masa ja da ƙamshi, aka rubuta "palm olein". Ba guba ba ne, ban kuma ce a daina saye ba, aljihu ke yanke wannan hukuncin. Sai dai kitsensa mai daskarewa ya ninka na man gyaɗa, kuma a gaban jarkar, da manyan haruffa har da hoton zuciya, an rubuta babu kolestarol. Mai hawan jini ya saya hankalinsa kwance, ya ƙara ludayi ɗaya a miya tunda an ce ba komai. Alhali cokalin cin abinci ɗaya na kowane irin mai, mai tsada da mai araha, kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) kusan 120 ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada kitse mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana. Akwai kuma ƙaninsa da ya fi shi sharri, wanda ake rubutawa "trans", da ke samuwa idan masana'anta ta sarrafa mai don ya yi tauri, irin wanda ake sa wa wasu biskit da bota ta gwangwani. Shi an ce kada ya kai kashi 1, kuma dokar 2022 ta NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta hana ya wuce giram 2 a kowane giram 100 na mai. Shi ma daga tsiro ake yinsa, shi ma ana iya manna masa "babu kolestarol" ba tare da an yi ƙarya ba.

Shi kuwa ƙwai, bawan Allah, shi aka fi ɗora wa laifi shekara da shekaru. Gwaiduwa ɗaya na da kolestarol kusan miligiram 185, gaskiya ne, amma a 2015 Amurka ta cire iyakar miligiram 300 a rana daga ƙa'idojin cin abincinta, saboda ga yawancin mutane idan an ci da yawa hanta kan rage wanda take haɗawa. Mai ciwon suga ko ciwon zuciya dai ya bi abin da likitansa ya ce masa.