Rigar Ciki Mai Janye Gumi Ga Masu Babur a Arewacin Kamaru da Chadi

Rigar ciki mai janye gumi tufa ce marar nauyi da ake sawa a kan fata kai tsaye, ƙarƙashin jaket ko rigar aikin mai tuƙa babur. Aikinta shi ne ta kwashe gumi daga fata ta baza shi a bayan yadin, inda iska za ta busar da shi. Yawanci da zaren roba ake yin ta, musamman poliyesta da nailan, wani lokaci kuma da ulu mai laushi. A Garwa da Marwa da Kuseri da Njamena, inda babur ya zama abin hawan talaka kuma hanyar cin abincin matasa masu yawa, ba kasafai ake neman ta da wannan suna ba. 'Yan acaba, waɗanda ake kira 'yan kilando a Njamena, sun fi samun ta a matsayin rigar ƙwallo ko singiletin wasanni daga cikin tulin gwanjo. Amfaninta ya dogara ga zafin iska da yawan damshin da ke cikinta, shi ya sa shawarar da aka tsara wa matuƙan Turai ba ta dacewa da wannan yanki sai an yi mata gyara.

Yanayin yankin

Zafi ya fi tsanani a bazara, wato Maris zuwa Mayu. A watan Afrilu zafin rana a Garwa da Marwa yakan kai kusan digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, a Njamena ma yakan wuce haka, kuma iskar busasshiya ce ƙwarai. Daga Yuni zuwa Satumba damina na rage zafin amma tana cika iska da damshi. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, akwai ƙura da sanyin asuba. Ngaundere, da ke bisa tudun Adamawa sama da mita 1,000 daga matakin teku, ta fi sauran garuruwan sauƙin zafi.

Yadda take aiki

Gumi ba ya sanyaya jiki don ya fito, sai ya bushe a kan fata ko dab da ita. Lita ɗaya ta gumi idan ta bushe tana tafiya da zafin da ya kai kimanin kilojul 2,400 (kilojul ma'aunin makamashi ne). Wanda ya tsiyaye ya ɗiga ƙasa asara ce kawai ta ruwa da gishirin jiki. Abin da ke faruwa da randar ƙasa ke nan: ruwan da ke tsatsowa ta bayanta yana bushewa, na cikinta ya yi sanyi, kuma kowa ya san ruwan randa ya fi sanyi da rani a kan tsakiyar damina, lokacin da iska ta riga ta ƙoshi da ruwa.

Bambancin yadudduka yana cikin zarensu. Auduga tana shan ruwa har cikin ƙwayar zarenta, ta kumbura, ta yi nauyi ta manne a jiki. Ko a bushe take tana riƙe damshin da ya kai kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na nauyinta. Poliyesta kuwa abin da take riƙewa bai kai kashi 1 ba, nailan kimanin kashi 4. Tun da zaren roba ba ya shan ruwa, sai gumin ya bi ta ƙananan kafofin da ke tsakanin zare da zare ya fita waje ya bazu. Masu masaƙa suna ƙara wannan aiki ta hanyar yi wa zaren kwaroro a tsawonsa, ko saƙa yadin da fuska biyu, ta ciki mai manyan kafofi, ta waje mai ƙanana. Ulu nasa daban ne: yana iya shan ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa kafin a ji shi a jiƙe.

Rigar ba ta aiki sai ta kama jiki. Idan ta yi yawa tana lilo, gumi zai gangara ta ƙarƙashinta bai taɓa yadin ba.

Tarihi

Yankin nan ƙasar auduga ce tun da daɗewa. A daular Borno da ƙasashen gaɓar Tafkin Chadi, ƙyallen auduga da aka saƙa siriri mai suna gabaga ya taɓa zama kuɗin ciniki. Masaƙa da marina, Hausawa da Barebari da Fulani, sun zauna a garuruwan Adamawa suna wannan sana'a tun kafin zuwan Turawa. Tufar da suka tanadar wa matafiyi a kan doki ko raƙumi mai faɗi ce, tana rufe jiki duka, tare da rawanin da ke kare kai da wuya da hanci, wanda Larabawan Chadi ke kira kadamul. Hikimar wannan shiga ita ce hana rana da iska mai zafi taɓa fata, a kuma bar sarari tsakanin tufa da jiki inda gumi zai bushe a hankali. A 1980 wasu masana sun gwada tufafin Larabawan daji a hamadar Negeb da ke kudancin Isra'ila, suka gano cewa zafin da ke isa jikin mai baƙar riga mai faɗi bai fi na mai fara ba, saboda iskar da ke zagayawa a ƙarƙashinta.

Noman auduga na kasuwa ya zo da mulkin Faransa. A kudancin Chadi an tilasta shi tun wajen ƙarshen shekarun 1920, a arewacin Kamaru kuma ya bunƙasa daga farkon shekarun 1950. An kafa kamfanin yadi na CICAM a 1965 da masaƙa a Garwa, kamfanin auduga na Chadi, Cotontchad, a 1971 da cibiya a Mundu, sai na Kamaru, Sodecoton, a 1974 da hedikwata a Garwa. Saboda haka singileti da 'yar shara ta auduga su ne abin da mazan yankin suka saba sawa a ciki, kuma har yau dattawa da yawa ba sa yarda da yadin roba a jikinsu.

Zaren roba kuwa a wasu nahiyoyi aka haife shi. Wallace Carothers na kamfanin DuPont a Amurka ya samar da nailan a 1935. A 1941 John Rex Whinfield da James Tennant Dickson suka yi rajistar poliyesta a Ingila. Tufafin farko da aka ɗinka da su sun yi ƙaurin suna wajen riƙe zafi, domin saƙarsu a matse take kuma ba a tsara ta don fitar da gumi ba. Sauyin ya fara ne daga ƙasashen sanyi, inda jiƙaƙƙiyar riga ke iya kashe mutum. A shekarun 1970 kamfanin Helly Hansen na Norwe ya fitar da rigar ciki mai suna Lifa daga zaren polifurofilin, wani nau'in zaren roba, don masu aikin teku da masu wasan ƙanƙara. A 1986 DuPont ya fito da Coolmax, poliyesta mai kwaroro huɗu a jikin kowane zare. Kamfanin Nike ya kawo nasa yadin mai suna Dri-FIT a farkon shekarun 1990, sannan a 1996 Kevin Plank, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka a Jami'ar Maryland, ya kafa kamfanin tufafin wasanni na Under Armour saboda gajiya da canza rigar auduga da ke jiƙewa a ƙarƙashin kayan wasa. Daga filin wasa ne matuƙan babur suka ɗauki dabarar.

Wannan asali yana da muhimmanci, domin daga can aka samo maganar da ake yawan maimaitawa cewa auduga ba ta da amfani ga mai gumi. Gaskiya ce a kan dutsen ƙanƙara. A kan hanyar Marwa zuwa Kuseri cikin watan Afrilu, lamarin ya sha bamban.

Ana kyautata zaton haya da babur ta fara a garuruwan arewacin Kamaru cikin shekarun 1980, ta hanyar cuɗanya da Najeriya. Ta ƙaru bayan matsin tattalin arziki da karya darajar kuɗin sefa a Janairun 1994, sannan ta cika gari da shigowar babura masu araha daga Sin da Indiya a shekarun 2000. Kusan a lokaci guda dilolin gwanjo suka cika kasuwanni da rigunan ƙwallo na poliyesta, waɗanda suka zama rigar ciki mai janye gumi ta farko ga yawancin matuƙan yankin.

Amfani a bazara da damina

Zafin fatar mutum yana tsakanin digiri 33 da 35. Muddin iska ba ta kai haka ba, gudun babur yana sanyaya jiki. Da zarar ta wuce, iskar da ke bugun matuƙi ƙara masa zafi take yi, kuma gwargwadon gudu gwargwadon zafin da take zuba masa. Wanda ya tuɓe jaket ya bar rigar ƙwallo kaɗai da tsakar ranar bazara zai ji jikinsa a bushe ƙarau, ya ɗauka lafiya lau yake, alhali iska tana kwashe gumin da sauri fiye da yadda jiki ke iya fitar da shi. Mai aiki cikin irin wannan zafi yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu ta gumi a awa guda. Alamar da ake gani da ido ita ce farin zanen gishiri da ke fitowa a bayan riga da gefen hular kwano da yamma.

Saboda haka a bazara rigar ciki tana buƙatar wata a samanta, mai dogon hannu, mai hana iska shiga da yawa amma mai barin kaɗan ta ratsa. Wasu matuƙan doguwar tafiya, irin masu bin hanyar Garwa zuwa Marwa mai tsawon kimanin kilomita 200, sukan tsaya su fasa ruwan leda su jiƙa rigar ciki da ƙyallen wuya, su rufe jaket su bar kafar hannu da ɗan buɗi a ƙirji. A wannan dabara auduga da ulu sun fi poliyesta, domin suna riƙe ruwan ya daɗe yana bushewa, ita kuwa poliyesta nan da nan take bushewa.

Da damina lissafin yana juyawa. Iska mai damshi ba ta karɓar gumi da sauƙi, auduga ta kwana a jiƙe, ta goge hammata da kugu, ƙurajen zafi su fito. A nan rigar roba mai janye gumi ta fi, haka nan ga ɗan acaban cikin gari da ke tsayawa yana tashi, ruwan sama ya doke shi sau da yawa a yini. Da asubar hunturu ma tana hana jiƙaƙƙiyar riga sa wa mutum sanyi.

Babu rigar da ke maye gurbin shan ruwa. A wasu shekaru azumin Ramadan yakan faɗo cikin zafi, kamar na 2024 da ya kama daga wajen 11 ga Maris zuwa 9 ga Afrilu, kuma matuƙa da yawa kan rage aikin tsakar rana su koma safiya da bayan buɗa-baki. Jiƙa tufa ko zuba ruwa a ka ba ya karya azumi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da ruɗewa alamu ne na cewa zafi ya fara cin jiki. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 tare da gushewar hankali, rai na cikin haɗari, sai a sanyaya mutum nan take a kai shi asibiti.

Haɗarin wuta da faɗuwa

Babban aibin zaren roba shi ne narkewa. Polifurofilin yana narkewa a kimanin digiri 160, poliyesta a wajen digiri 250, kuma idan suka narke sukan manne a fata su zurfafa ƙuna. Auduga tana kamawa da wuta amma ba ta narkewa, ulu kuma yana da wuyar kamawa. A 2006 rundunar sojan Amurka ta Marines ta hana dakarunta a Iraƙi sanya irin waɗannan riguna a wajen sansani saboda wannan dalili.

Maganar ta shafi yankin kai tsaye. Man fetur ɗin da ake kira zuwa-zuwa ana sayar da shi a kwalabe a bakin titi, kuma sau da yawa matuƙi yana zaune a kan babur, tanki na tsakanin cinyoyinsa, inji da salansa da zafi, mai mai yana tsiyaya masa ta mazurari. Sauka daga babur da kashe inji kafin zuba mai yana rage haɗarin sosai. Wajen faɗuwa kuma rigar ciki ba ta kare komai. Kwalta na yage ta nan take, gogayya kuma tana iya narkar da ita idan babu tufa mai kauri a sama.

Saɓanin masana

Ba a yi ittifaƙi a kan ko rigar tana rage zafin cikin jiki ba. Gwaje-gwaje da dama sun nuna bambancinta da auduga kaɗan ne ta wannan fuska. Abin da aka fi yarda da shi shi ne tana bushewa da wuri, tana rage gogewar fata, tana kuma sauƙaƙa sawa da cire jaket.

Wanki

Poliyesta ta fi auduga riƙe wari. Wani bincike a Jami'ar Gent ta Beljiyam a 2014 ya danganta haka da wasu ƙwayoyin cuta da ke yaɗuwa a kanta bayan gumi. Ana wanke ta kullum da sabulu da ruwa marar zafi, a shanya a inuwa. Dutsen guga mai gawayi yana ƙona ta, man shafawa mai kauri kuma yana toshe kafofin yadin.

Doka

Dokar Firayim Ministan Kamaru ta 31 ga Disamban 2008 kan haya da babur ta wajabta hular kwano da rigar shaida ta sama, amma ba ta tsara abin da ake sawa a ciki ba. Ma'aunin Turai na tufafin babur, EN 17092, ya shafi jaket da wando masu kariya ne.