Mike Tyson: gardamar ko an zuzuta shi fiye da kima

Mike Tyson tsohon ɗan damben boksin ne ɗan ƙasar Amurka, an haife shi ranar 30 ga Yuni 1966 a Brooklyn da ke birnin New York, kuma shi ne mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa riƙe kambun duniya na ajin masu nauyi. Ya yi damben ƙwararru daga 1985 zuwa 2005, ya ci wasa 50, 44 daga ciki da bugun kwaf ɗaya, aka doke shi sau 6 a wannan tsakanin. Duk da wannan, har yau ba a daina gardama a kansa ba, wasu na cewa ba a taɓa yin kamarsa ba, wasu kuma na cewa tsoro kawai ya sayar wa duniya aka saya. A Gombe wannan gardamar tsohuwa ce, ana yinta a majalisa da teburin mai shayi daga Jekadafari har Bolari da Pantami, kuma da wuya ka samu unguwar da babu wani ƙaƙƙarfan yaro da aka laƙaba wa Tyson.

Tasowarsa

A unguwar Brownsville ya taso cikin talauci da rashin uba a gida, tun yana ƙarami 'yan sanda suka san shi saboda sata da faɗa, har aka kai shi gidan gyaran tarbiyyar yara. A can ne aka gano ƙarfinsa aka haɗa shi da wani tsohon koci mai suna Cus D'Amato a garin Catskill, wanda shi ne ya horar da tsohon zakaran duniya Floyd Patterson tun da. Tsohon ya ɗauke shi ya ajiye a gidansa kamar ɗansa, ya koya masa wani salo na riƙe hannuwa biyu dab da fuska, yana kaɗa kai hagu da dama yana sunkuyawa har ya shige jikin mutum sannan ya saki naushi daga ƙasa. Salon ya dace da shi sosai don Tyson gajere ne a ajinsu, tsawonsa wajen santimita 178 ne kawai, hannunsa ma bai da tsawo, in ya tsaya nesa dogaye za su yi ta caka masa ne.

Ya fara damben kuɗi a watan Maris 1985. Wasanninsa 19 na farko duk da kwaf ɗaya ya gama su, 12 a turmin farko. D'Amato ya rasu a Nuwamba 1985, wato bai ga ranar da yaronsa ya ɗaga kambu ba, kuma wannan kwanan watan yana da muhimmanci a gardamar kamar yadda za a gani a ƙasa.

Shekarun da yake tashe

Ranar 22 ga Nuwamba 1986 ya kwantar da Trevor Berbick a turmi na 2 ya karɓi kambun WBC, ɗaya daga cikin manyan hukumomin dambe uku na lokacin (sauran su ne WBA da IBF), yana da shekara 20 da wata 4. Wanda ya ga wannan bidiyon ba ya mantawa, naushi ɗaya ne amma Berbick sau uku yana faɗuwa, ya tashi ƙafa ta ƙi ɗaukarsa ya sake zubewa. A 1987 ya ƙwace na WBA a hannun James Smith, ya ƙwace na IBF a hannun Tony Tucker, ya haɗa ukun duka. Ya bi ta kan Pinklon Thomas da Tyrell Biggs, a Janairun 1988 ya kwantar da tsohon zakara Larry Holmes a turmi na 4, sai kuma 27 ga Yuni 1988 ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91, mutumin da ba a taɓa dokewa ba kafin ranar. Ya kare kambunsa sau 9 a jere.

To wannan shekara biyu zuwa uku ita ce duk jarin masoyansa, kuma gaskiya jari ne mai nauyi, duk wanda ya ce Tyson ɗin 1988 ba komai ba ne to bai kalli dambe ba ko kuma ƙiyayya ce kawai. Ba ƙarfi kaɗai ba ne, ku duba yadda yake kauce wa naushi, saurin ƙafarsa, yadda yake haɗa na haƙarƙari da na haɓa da hannu ɗaya kafin mutum ya ƙifta ido.

Hujjar masu cewa an zuzuta shi

Tambayarsu guda ce kuma tana da wuyar amsawa, wane babban gwarzo Tyson ya doke lokacin da gwarzon yake kan ganiyarsa? Holmes shekararsa 38 a lokacin kuma ya kusa shekara biyu bai hau fili ba. Spinks asalinsa ɗan ajin ƙasa da masu nauyi ne, hawowa ya yi. Manyan tsaransa na gaske su ne Evander Holyfield da Lennox Lewis da Riddick Bowe, ya haɗu da Holyfield sau biyu ya sha kashi sau biyu, ya haɗu da Lewis ya sha kashi, Bowe kam ba su taɓa haɗuwa ba, haka George Foreman da ya dawo dambe a wancan zamanin.

Sai maganar Tokyo. Ranar 11 ga Fabrairu 1990 Tyson ya je Japan da wasa 37 ba a taɓa cinsa ba, ya haɗu da Buster Douglas wanda masu caca suka sa 42 da 1 a kan ba zai ci ba, mutumin da mahaifiyarsa ta rasu kwana 23 kafin wasan. Douglas ya yi ta caka masa hannun hagu daga nesa har idon Tyson na hagu ya kumbura ya kusa rufewa, kuma abin takaici mutanen da ke kusurwarsa ko ƙarfen da ake dannawa a sauke kumburi ba su zo da shi ba, sai safar hannu ta roba suka cika da ruwan ƙanƙara suna ɗora masa a ido. Zakaran duniya fa kenan. A turmi na 8 ya samu ya kayar da Douglas, Douglas ya tashi a ƙirga na 9, a turmi na 10 ya zubar da Tyson, duniya ta ga zakara a durƙushe yana laluben robar bakinsa a ƙasa. Shekararsa 23 kacal a ranar, ba tsufa, ba kurkuku tukuna. Don King, mai shirya wasannin Tyson, ya yi ta ihun wai alƙalin wasa ya ja ƙirga a turmi na 8, kuma har yanzu akwai masu riƙe da wannan, amma ɗan dambe ƙirgar alƙali yake bi ba agogon wani ba, kuma Douglas a bidiyon ana ganinsa yana sauraron ƙirgar.

Hujja ta uku ita ce ta fi ƙarfi a ganina. A duk tarihinsa babu wasa ko ɗaya da aka kai Tyson ƙasa ya tashi ya ci. Muhammad Ali Henry Cooper ya kayar da shi a 1963 ya tashi ya ci a turmi na gaba. Holmes ya sha naushin Earnie Shavers a 1979 wanda da wani ne da sai dai a ɗauke shi, ya tashi ya ci. Ko Anthony Joshua namu na Sagamu, Klitschko ya kai shi ƙasa a turmi na 6 a Wembley a 2017, ya tashi ya gama da shi a na 11. Tyson in abu ya yi tsami ba ya dawowa, in ka jure turmi huɗu biyar na farko ba ka tsorata ba to ka fara ganin wani mutum daban.

Uzurin da masoyansa ke kawowa

Na farko kullum shi ne da D'Amato bai mutu ba. To amma ai duk abin da ake yabon Tyson da shi, Berbick da Holmes da Spinks, bayan mutuwar tsohon aka yi su da shekara ɗaya zuwa uku. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne shekarar 1988, manajansa Jim Jacobs ya rasu a Maris, aurensa da Robin Givens ya rikice a idon duniya, Don King ya shigo, aka sallami kocinsa Kevin Rooney bayan wasan Spinks. Daga nan kaɗa kan nan ya ragu, ya koma neman naushi ɗaya da zai gama komai. Wannan bayani ne mai kyau na dalilin faɗuwarsa, amma bayani daban ne, hujjar girma daban, don riƙe kai da horo shi ma ai cikin damben yake.

Na biyu kurkuku. A 1992 kotu a jihar Indiana ta same shi da laifin fyade, aka yanke masa shekara 6, ya yi 3 ya fito a Maris 1995. Masoyansa sukan faɗi wannan kamar wata ƙaddara ce ta faɗo masa daga sama ta cinye masa shekarunsa masu kyau, a manta akwai yarinyar da aka cuta, kuma wannan mantuwar ba ta yi ba sam. In ma shekarun ake ji, Ali ya rasa sama da shekara uku daga 1967 zuwa 1970 saboda ya ƙi zuwa yaƙin Vietnam, ya dawo ya kwantar da Foreman a Kinshasa a 1974 yana da shekara 32. Tyson da ya dawo ya karɓi WBC a hannun Frank Bruno da WBA a hannun Bruce Seldon a 1996, amma a shekarar ne aka biya Lewis dala miliyan 4 don ya ja gefe ya jira, daga baya ma Tyson ya ajiye kambun WBC ɗin ba a yi wasansa da Lewis ɗin ba a lokacin. A Nuwamba 1996 Holyfield, wanda ya girme shi da kusan shekara huɗu kuma kowa na cewa ya ƙare, ya tsayar da shi a turmi na 11. A karo na biyu, Yuni 1997, ya ciji kunnen Holyfield sau biyu aka kore shi a turmi na 3, aka ci shi tarar dala miliyan 3 aka ƙwace lasisinsa. Ya ce Holyfield ne ke ta dukansa da kai, kuma lallai an yi karon kai a wasannin biyu, amma cizo dai cizo ne.

Inda masu sukar suka wuce gona da iri

Su ma suna da nasu. Holmes ɗin da ake cewa tsoho ne, bayan wasansa da Tyson ya dawo ya doke Ray Mercer a 1992 ya kuma yi turmi 12 cur da Holyfield, kuma a duk rayuwarsa Tyson kaɗai ne ya taɓa gamawa da shi kafin lokaci. Spinks sau biyu ya doke Holmes kuma ya tsayar da Gerry Cooney. Tucker ba a taɓa cinsa ba kafin su haɗu. Razor Ruddock da manya ke gudu, Tyson ya doke shi sau biyu a 1991, kuma a wasannin ya sha naushi masu nauyi bai faɗi ba. Wasan Lewis na Yuni 2002 a Memphis kuwa bai kamata a ɗora masa nauyi da yawa ba, Tyson ɗin ranar inuwarsa ce kawai, duk da dai Lewis ɗin ma ya girme shi da 'yan watanni.

Gardamar a Gombe

Abin da ya sa Tyson ya shiga ran mutanenmu haka ba ya rasa nasaba da damben gargajiya. Idon da ya saba da dambe kisa yake jira, turmi uku ne, hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa shi kenan an kashe ka, babu maganar alƙalai uku su zauna suna lissafin maki bayan turmi 12. Mai irin wannan idon in ka nuna masa Lewis yana caka hagu yana ja da baya sai ya ce matsoraci ne, in ka nuna masa Tyson ya ce yauwa ga namiji. Sannan ga musulunta da ya yi, ya ɗauki sunan Malik Abdul Aziz, hotunansa da harami a Makka a 2010 sun yi yawo sosai, to wasu in ka taɓa shi kamar ka taɓa ɗan uwansu ne.

Akwai kuma bambancin yadda aka kalle shi. Dattawan da suka san shi a kaset ɗin bidiyo da gidan kallo, wasu har da tashi kafin asuba saboda wasan Amurka a daidai lokacin yake faɗowa a nan, sun ga wasan da ya yi turmi 12 yana fama da Smith mai rungume shi. Yaran yanzu kuwa guntayen bidiyo na daƙiƙa talatin suke gani a TikTok da Facebook, mutane na zubewa ɗaya bayan ɗaya da kiɗa a ƙasa, ba wanda ke yanko turmi na 10 na Holyfield ya sa. Shi ya sa za ka ji saurayi a teburin mai shayi yana rantsuwa,

"Wallahi Kawu da Tyson na 88 ne ko Ali ba ya kai turmi uku."

Kawun ya kurɓi shayinsa ya ce, "Kai yaro, Ali ya ci Liston, ya ci Frazier, ya ci Foreman, dukansu ana tsoronsu kamar Tyson ɗinka. Kawo min sunan mutum ɗaya irinsu da naka ya ci."

Yawanci a nan saurayin ke komawa kan D'Amato.

Matsayinsa a tarihi

Masana dambe da yawa in suna jera manyan ajin masu nauyi Ali da Joe Louis suke sawa a sama, Louis ya kare kambunsa sau 25 ya riƙe shi kusan shekara 12, Holmes sau 20. Tyson sau 9, kuma a dawowarsa ta biyu bai kare kambun da ya karɓa ko sau ɗaya da nasara ba. A nawa ganin yana cikin manya, amma a bayan Ali da Louis da Holmes da Lewis da Holyfield, kuma mai sa shi a kan waɗannan da abin da zai iya yi yake auna shi, ba abin da ya yi ba.

Ƙarshen damben nasa bai yi daɗi ba. Ya bayyana karayar arziki a 2003 bayan ɗaruruwan miliyoyin dala sun bi ta hannunsa, Danny Williams ya kwantar da shi a 2004, a Yuni 2005 ya ƙi fitowa turmi na 7 da Kevin McBride ya ajiye safa. An shigar da shi zauren girmama gwarazan dambe na duniya a 2011. A Nuwamba 2024, yana da shekara 58, ya sake hawa fili a jihar Texas da Jake Paul ɗan shekara 27 a wasan da Netflix ta nuna, turmi 8 na minti biyu biyu, Paul ya ci da maki, kuma da yake an yi rajistar wasan a matsayin na ƙwararru rashin nasararsa a hukumance ta koma 7.