Masarar da ta yi fumfuna ba ta gyaruwa, don Allah mu daina kai ta inji

Assalamu alaikum 'yan uwana masu harkar hatsi a Legas, na Mile 12 da na Agege da duk inda ake sauke buhu. Tun da damina ta kankama kusan duk shagon da na leƙa abu ɗaya nake tararwa, buhunan masara a jibge kan siminti an jingina su da bango, gindin buhu ya yi danshi, ka zura hannu ciki ka ji ɗumi, ka ɗebo ka ga ƙwayoyi sun manne da juna wasu sun yi kore-kore wasu baƙi, ga warin nan da ke shaƙe maƙogwaro. Wannan ban ga laifin kowa ba sosai, masara ta baro Saminaka ko Dawanau, wani lokaci ruwa ya doki tirela a hanya tamfol ya yage, ta iso garin da iskarsa ma jiƙaƙƙiya ce. Abin da ke tayar min da hankali shi ne abin da ake yi da ita daga nan.

Ba a zubarwa! Sai a ware ta gefe a ce wannan ta masu koko ce, waccan ta masu kaji ce, a karya kuɗin mudu. Wani kuma ya baza ta a rana wuni guda ya sheƙe ya cakuɗa da mai kyau ya ɗinke buhu, in ka yi magana ya ce Malam ai in an surfa an wanke shikenan. Haba Alhaji, wallahi ba shikenan ba ne. Fumfunar nan tana barin wani dafi a cikin ƙwaya da ake kira afulatoksin, wanki yana cire ƙurar da ido ke gani ne kawai, rana ba ta kashe shi, tafasar koko ba ta kashe shi, tuƙin tuwo ba ya kashe shi. Kuma da an niƙa magana ta ƙare, gari fari ne tas babu mai iya ganewa.

Wa yake shan kokon? Yaran da ake yayewa, 'yan makaranta da safe, mara lafiya da ya kasa cin komai aka ce a dama masa. Dafin nan hanta yake ci a hankali, yana kawo kansar hanta, wanda kuma dama yake ɗauke da ciwon hanta na hefataitis B abin ya fi yi masa muni nesa ba kusa ba, yara kuwa yana tsumburar da su ka ga yaro yana ci amma ba ya girma. In ya yi yawa a lokaci ɗaya ma ba ya jiran shekaru. A 2004 a gabashin ƙasar Kenya mutum 125 suka rasu saboda cin masara mai wannan dafin, masarar da suka noma da hannunsu suka adana da danshi.

Hajiya mai koko, ke ma da ke nake, kuma ba faɗa nake ba. Na san riba ta yi ƙaranci, gas ya yi tsada, kuɗin niƙa ya hau, in aka ce ga mudu mai sauƙi dole ido ya tafi can. Amma duk masarar da aka karya miki kuɗinta haka kawai ki tambayi kanki dalili, ki ɗebo daga ƙasan buhu ba daga sama ba, ki shinshina. In kin ji warin nan ki bar musu kayansu.

Sai masu cewa to a ba kaji mana, ai dabba ce. Yadda duniya ta fara sanin dafin nan ma ta kan tsuntsaye ne, a 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda ƙulin gyaɗa mai fumfuna da aka haɗa musu abinci da shi. Kaji za su rage ƙwai su rame su yi ta mutuwa ɗaya-ɗaya mai gona yana ta sayen magani bai san daga buhunka ba ne. Saniya in ta ci kuwa yana fitowa a nono. To ina aka kai shi, ba cikinmu ya dawo ba?

Da yawanku kuna da gona a gida ko ƙanne masu nomawa, ku isar musu, domin sau da yawa tun daga gona ake ɗauko cutar, musamman shekarar da ruwa ya tsaya ana tsaka da fitar goyo ko tsutsar nan da ta shigo mana a 2016 ta huda zangarniya. Akwai Aflasafe, wani maganin gona mai rage dafin nan, da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, kilo 10 a hekta ɗaya, ana watsawa sati biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da fure. 

Mu a nan shago kuwa, a gurguje:
- kar buhu ya taɓa siminti ko bango, a sa katako ƙasa a bar hanyar iska
- a duba rufin sito yau ba sai an ga ɗiga ba
- kafin ka karɓi kaya ka gwada, zuba masara da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba ka girgiza ka ɗan bari, in gishiri ya manne jikin kwalba ba ta bushe ba
- buhun PICS mai leda biyu a ciki yana da kyau amma sai ga busasshiyar masara
- wadda ta fara shiga ta fara fita

Wadda ta riga ta yi fumfuna kuma, na san asara ce kuma da ciwo, buhu ba ƙaramin kuɗi ba ne ga kuɗin mota ga na 'yan dako, Allah ya mayar da alheri. Amma ƙonawa ake yi ko a haƙa rami a binne. Kar a zuba a bola a tafi, akwai masu bi suna tsincewa kuma kun san inda za ta ƙare, injin niƙa. Kar a ba almajiri, kar a ba mai gadi wai sadaka.

Duk wanda ya ga idonsa ko na yaronsa ya koma rawaya, ko ciki da ƙafa suna kumbura, a tafi asibiti a gwada hanta, kar a tsaya kan jiƙon shawara kaɗai, kuma in akwai ragowar garin da ake ci a gida a dakata da shi tukuna.